Tun daga SS1 ake neman gurbin jami'a: yadda za a zaɓi darussa da irin makin da ya kamata a nema

Shekara 19 ke nan ina koyar da Kemistiri a wata makarantar sakandaren gwamnati a Jihar Kano, kuma a cikinsu na yi 11 ni ke riƙe da rajistar 'yan ajin ƙarshe. Wannan aikin ne ya sa duk lokacin da jami'o'i suka fara fitar da sunaye, ƙofar gidana ba ta rabuwa da baƙi bayan la'asar.

Shekaru uku da suka wuce wani dattijo ya zo da 'yarsa da takardu a cikin leda. Yarinyar ta ci 251 a JAMB, tana da kiredit takwas a WAEC, cikinsu har da A1 biyu. Lauya take so ta zama. An fitar da jerin farko babu sunanta, an fitar da na biyu babu. Ya ce da ni, "Malam, a duba mana, ko dai don ba mu da kowa a sama ne?"

Na karɓi takardar na bi ta daga sama har ƙasa. Na ce, "Baba, ina Adabin Turanci?"

Yarinyar ta sunkuyar da kai ta ce ta ajiye shi tun zangon farko na SS1. Littattafan sun yi mata yawa, ƙawayenta kuma sun ce mata darasin yana kayar da mutane, sai ta musanya shi da wani mai sauƙi. Jami'ar da ta nema kuwa ta rubuta ƙarara cewa sai da kiredit a Adabin Turanci ake shiga sashen shari'a. Babu wanda ya zalunce ta. Tana da shekara 14 ta rufe wa kanta ƙofar, ba ta ma san akwai ƙofar ba, kuma babu wani babba da ya zaunar da ita ya nuna mata. Wannan laifinmu ne mu malamai da iyaye, shi ya sa na zauna rubuta wannan.

Abu na farko da nake so ɗalibi ya gane shi ne yadda wahalar darasi take aiki a tsarinmu. Wani tsohon ɗalibina da ya yi karatu a Amurka ya kwatanta mini nasu tsarin. A can mutum ne yake zama ya karanta takardar sakamakon yaro ta shekara huɗu, ya duba ko ya ɗauki darussa masu nauyi irin waɗanda suke kira AP, waɗanda matakinsu ya kai na shekarar farko a jami'a. Makarantu da yawa ma suna ƙara wa irin waɗannan darussa nauyi wajen lissafin maki. Saboda haka yaron da ya zaɓi hanya mai wuya ana ganin ƙoƙarinsa ko da bai samu maki mafi girma ba. A nan gida ba haka abin yake ba. Na'urar da take tace sunaye ba ta san Fiziks ya fi wani darasi wuya ba, ba ta ƙara maka ko ɗigo don ka sha wahala. Tambaya biyu take yi: darasin da ake buƙata yana nan? Me aka ci a cikinsa? Darasi mai wuya a wurinmu mabuɗi ne. In kana da shi an buɗe maka ka shiga layi, in babu ko layin ba ka gani ba, kome yawan makinka a sauran.

Don haka kada a fara da tambayar "wane darasi ne mai sauƙi?" A fara daga ƙarshe. Yaro ya faɗi kwas uku da ransa yake so, ko da zai sauya daga baya. Sai a buɗe kundin JAMB da ke intanet, wanda ake kira IBASS, a nemo kowane kwas a ga darussan da ake nema a takardar sakandare da waɗanda ake rubutawa a UTME, wato jarrabawar shiga jami'a ta JAMB. A gefen kowane kwas akwai ƙarin bayani kan jami'o'in da suke da nasu sharaɗin na daban, kuma wannan gefen ne mutane ba sa karantawa. Kyauta ne, da wayar hannu ma ana dubawa. Ni kowace shekara a mako na biyu na SS1 nakan sa kowane ɗalibi ya tsaga takarda ya ja layi uku, ya kwafe sharuɗɗan da hannunsa, ya kai wa mahaifinsa ko mahaifiyarsa su sa hannu.

Ga abin da za a tarar a mafi yawan lokuta. Likitanci, haɗa magunguna, aikin jinya da kimiyyar gwaje-gwajen asibiti duk suna neman kiredit a Turanci, Lissafi, Fiziks, Kemistiri da Bayoloji, a UTME kuma Turanci da waɗannan ukun na ƙarshe. A lura, darasin Aikin gona ba ya maye gurbin Bayoloji a waɗannan kwasa-kwasan, ko da yake yana yi a wasu sassan tsangayar noma. Injiniyanci kowane iri yana neman Lissafi, Fiziks da Kemistiri. Kimiyyar kwamfuta tana neman Lissafi da Fiziks, kuma nan ne yara da yawa suke faɗuwa, domin suna zaton iya danna kwamfuta ya isa. Mai son Akanta ko ilimin Tattalin arziki ba shi da mafita daga Lissafi da Ikonomiks. Mai son shari'a ya riƙe Adabin Turanci da kyau, in kuma ɓangaren shari'ar Musulunci yake so, irin wanda ake yi a Jami'ar Bayero da Jami'ar Ahmadu Bello, to ya haɗa da Darasin Addinin Musulunci da Larabci in makarantarsu tana koyarwa.

Ɗalibi yana rubuta darasi takwas ko tara a WAEC, amma biyar ne kawai suke yi masa aiki a ranar tantancewa. Wannan ya kamata ya sauya yadda yake raba lokacinsa. Na sha ganin takarda mai A1 a Kiwon dabbobi da A1 a darasin zama ɗan ƙasa nagari, ga kuma D7 a Fiziks, mai ita yana murna wai yana da kiredit bakwai. In injiniya yake so ya zama, ba shi da komai. Daga A1 zuwa C6 shi ne kiredit. D7 da E8 an wuce, amma ba a ƙirga su a cikin biyar ɗin.

Akwai wata dabara da nake ba 'yan ajin kimiyya: in jadawalin makaranta ya ba da dama, su sa Ikonomiks ko Jogirafi a cikin darussansu, su kuma ɗauke shi da gaske. Dalili shi ne ɗan kimiyya mai Ikonomiks yana iya juyawa ya nemi wasu kwasa-kwasan kimiyyar zamantakewa ko na kasuwanci in hanyar farko ta toshe. Wanda ya bar Fiziks da Kemistiri tun SS1 kuwa ba shi da hanyar komawa kimiyya sai ya sake karatun shekara biyu ko uku shi kaɗai. Hanyar tana gangarowa ne, ba ta hawa.

Amma kada iyaye su ɗauki wannan su ce kowane yaro sai ajin kimiyya. Ajin kimiyya ba rawani ba ne. Na ga yaran da aka tura dole don yayansu likita ne, suka shekara uku suna kwafar allo ba su fahimci komai ba, suka fito da F9 uku, alhali da an bar su a ajin adabi da sun fito da takardar da za ta kai su ko'ina. A duba abin da yaro ya ci a Lissafi da Kimiyya a jarrabawar JSS3, a duba zangon farko da na biyu na SS1. In yana karatu tsakaninsa da Allah amma Lissafi da Fiziks sun ƙi wuce 40 cikin 100, a zauna da malamansa a yi shawara kafin SS1 ta ƙare. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Sauya aji a SS3 asara ce biyu.

Akasin haka kuma shi ya fi ci mini rai, kuma ya fi faruwa ga 'yan mata. Yarinya mai kai, wadda take kayar da kowa a Lissafi, sai a ce ta koma inda ba wuya tunda aure za ta yi. Mu ne kuma in matanmu suka je asibiti muke tambaya ko akwai likita mace. Likita mace daga ajin Fiziks na SS1 take fitowa. In kana da 'ya mai wannan baiwa, ka bar ta a inda take, ka rage mata aikin gida a lokacin jarrabawa, ka saya mata littafi.

Sai maganar Lissafi mai zurfi, wanda yara suke kira Foda Mas. Mafi yawan jami'o'i ba su sa shi a sharaɗi ba, kuma ba a ƙara wa kowa maki don ya yi shi. Duk da haka nakan ce da duk mai son injiniyanci, kwamfuta ko Lissafi ya shiga ajin in akwai malami. Ribarsa a wani wuri take fitowa. A Lissafin UTME akwai tambayoyin kalkulas da matriks waɗanda ɗan Foda Mas yake amsawa cikin sakan kaɗan, kuma lissafin shekarar farko a jami'a kusan maimaicin abin da ya riga ya gani ne. In ya ga zai cinye masa lokacin sauran darussan biyar, yana iya halartar ajin don ilimin kawai ba tare da ya yi rajistarsa a WAEC ba. Ɗalibaina da dama sun yi haka kuma sun dawo sun yi mini godiya.

Game da Lissafi na gama-gari, a watan Oktoba na 2025 Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta sanar da cewa ba dole ne mai neman kwas na ɓangaren adabi ya samu kiredit a Lissafi ba kafin a ɗauke shi, amma dole ne ga kimiyya, fasaha da kimiyyar zamantakewa. Ma'aikatar ta kuma fayyace cewa kowa zai ci gaba da rubuta shi a jarrabawar gama sakandare. Washegarin sanarwar wasu 'yan ajin adabi suka daina shiga ajin Lissafi. Na tara su na ce kada su kuskura. Wanda ba shi da kiredit a Lissafi ba zai iya sauyawa zuwa kwas na zamantakewa ba in na farko ya ƙi, kuma wata rana wurin neman aiki ko ƙarin karatu za a iya tambayarsa.

Yanzu mu zo kan makin kansa, domin a nan ne kuskure na biyu yake. Yara suna da wata magana, "Allah dai ya ba mu C6." Gaskiya ne C6 kiredit ne, kuma a kwas ɗin da ba a rububinsa ya wadatar. Amma jami'o'i da yawa ba sa tsayawa kan akwai ko babu, suna mayar da sakamakon sakandare maki su haɗa da na UTME. Zan kawo misali da Jami'ar Legas saboda lissafinta sananne ne. Tana raba maki 100 gida uku: 50 daga UTME, 30 daga jarrabawar tantancewa ta jami'ar, 20 daga darussa biyar na sakandare. Makin UTME ana raba shi da 8. A cikin darussan biyar, A1 tana da maki 4, B2 tana da 3.6, B3 tana da 3.2, haka ake sauka har C6 mai maki 2.

Ɗauki yara biyu. Na farko ya ci 300 a UTME, abin da kowa a unguwa zai ji labari, amma darussansa biyar duk C6 ne. Yana da 37.5 daga UTME da 10 daga sakandare, jimilla 47.5. Ta biyu ta ci 250, tana da A1 biyu da B2 uku. Tana da 31.25 da 18.8, jimilla 50.05. Tun kafin a shiga ɗakin jarrabawar tantancewa ta riga ta wuce shi, duk da ya fi ta da maki 50 a JAMB. A wannan tsarin, tazarar da ke tsakanin A1 biyar da C6 biyar daidai take da maki 80 na UTME. Duk wanda ya taɓa koyar da yaran JAMB ya san wahalar ƙara wa yaro maki 80.

Kowace jami'a da nata lissafin, kuma sukan sauya daga shekara zuwa shekara. Wata tana yin jarrabawa a kwamfuta, wata tana duba takardu ne kawai. Inda ake duba takardu kawai, nauyin WAEC da NECO ƙaruwa yake yi, domin babu wata jarrabawa ta uku da mutum zai farfaɗo da ita. A nemi sanarwar tantancewa ta bara ta jami'ar da ake so, daga shafinta na intanet, a zauna da biro a yi lissafin da sakamakon yaro na gwaji. Abin da nake gaya wa ɗalibaina shi ne: in likitanci, jinya, haɗa magunguna, shari'a ko kwamfuta kake so, ka sa B3 ta zama ƙasanka a darussa biyar ɗin.

Akwai kuma batun zama. Ƙa'idar gama-gari ita ce kiredit biyar a zaman da bai wuce biyu ba, wato ana iya haɗa WAEC da NECO, ko ta bana da ta baɗi. Amma sassan likitanci da yawa zama ɗaya suke karɓa, Jami'ar Legas ma zama ɗaya take nema, Jami'ar Ibadan kuma takan nemi kiredit shida in zama biyu ne. Shi ya sa in iyaye suna da hali nake ba da shawarar yaro ya rubuta WAEC da NECO duka a shekararsa ta ƙarshe, ya shirya wa kowace kamar ita kaɗai zai yi. A makarantun gwamnati na Kano akwai jarrabawar kwalifayin, wadda ake dubawa wajen biya wa ɗalibai kuɗin jarrabawar ƙarshe. Ga yaron da gidansu ba hali, wannan ita ce jarrabawar shiga jami'a ta farko, kuma ya kamata a gaya masa haka tun yana SS1. 'Yan makarantun Larabci da Islamiyya masu takardar NBAIS su ma su duba kundin JAMB su ga darussan da kwas ɗinsu yake nema, ƙa'idar biyar ɗin iri ɗaya ce.

To yaya ake tashi daga C zuwa B? Zan yi magana kan abin da na fi sani. Kemistiri, Fiziks da Bayoloji kowanne yana da takarda uku: ta zaɓi, ta rubutu, da firaktikal. A firaktikal ne makin ya fi arha, kuma a nan ne yaranmu suka fi zubar da shi, domin da yawansu ranar jarrabawa ce rana ta farko da suka riƙe buret, bututun gilashin auna ruwan sinadari, da hannunsu. A titireshan, gwajin da ake yi da buret ɗin, ana ba da maki kan abubuwan da ba sa buƙatar wata baiwa: ka zana tebur da kyau, ka rubuta karatun buret da lamba biyu bayan ɗigo, ka maimaita har sakamakonka ya yi kusa da juna, ka sa ma'auni a bayan kowace amsa. A gwajin gishiri kuma ka rubuta abin da idonka ya gani a gefe ɗaya, abin da ka fahimta a ɗaya gefen, ko da ba ka gano sunan gishirin ba. Na ga yaro ya iya lissafin sarai amma ya rasa maki don ya manta ya rubuta ma'auni sau huɗu. In makarantarku ba ta da ɗakin gwaje-gwaje mai aiki, iyaye su haɗu ta ƙungiyar iyaye da malamai su roƙi wata makaranta da ke kusa ta ba su aron nata ranar Asabar. Mun yi haka shekara biyu lokacin da rufin namu ya yaye. Asabar shida kacal suna sauya sakamakon aji guda.

Turanci shi ne ramin da ya fi cinye yaranmu, kuma shi kowane kwas yake nema. Ba a haddace shi a wata uku. Yaro ya rubuta wasiƙa ko insha'i ɗaya kowane mako tun daga SS1, ya kai wa malami ya gyara da jan biro, ya sake kwafewa. Ya riƙa ɗaukar labari a jarida yana taƙaita shi cikin jimla biyar nasa na kansa, domin ɓangaren taƙaitawa yana kayar da masu kwafo jimlar marubuci yadda take. A UTME ma Turanci ne yake da tambaya 60, sauran darussa uku 40 kowanne, jimilla 180 cikin awa 2. Yaron da karatunsa yake da nawa lokaci ne zai kayar da shi, ko da ya san amsa.

Kada kuma a raina gwajin aji. Makarantu suna tura wa WAEC makin gwaje-gwajen ɗalibi na shekarun babbar sakandare, kuma duk mai burin neman karatu a waje za a nemi takardar sakamakonsa ta zango-zango. A ajiye katin sakamako na kowane zango a wuri ɗaya. Mai son Amurka akwai ofishin EducationUSA a Abuja da Legas da ke ba da shawara, kuma a Amurkan ne Foda Mas ɗin nan da sauran darussa masu nauyi za su yi masa magana kai tsaye.

Dole in taɓo satar amsa, tunda na san wasu iyaye da kansu suke kai yara irin cibiyoyin nan da ake cewa ba a faɗuwa. Ban da haramcin abin da haɗarin a riƙe sakamako ko a soke shi, ko ta lissafi ba ya fita. Yaron da aka saya wa A1 a Fiziks zai zauna gaban kwamfuta shi kaɗai a UTME. A 2025 kusan mutum miliyan 2 ne suka rubuta, kuma a sakamakon da aka fara fitarwa fiye da miliyan 1.5 ba su kai maki 200 cikin 400 ba. A1 tara da 160 ba sa kai kowa ajin likitanci. In ma ya samu shiga, shekarar farko tana jiransa.

Mafi ƙarancin makin da aka amince wa jami'o'i a 2025 shi ne 150. Wannan lambar tana yaudarar mutane. Ƙasa ce kawai, wadda jami'a ba za ta sauka ƙarƙashinta ba. Kowace jami'a tana da nata, kowane sashe kuma yana da nasa a sama da na jami'ar. Likitanci da shari'a suna da adadin ɗalibai da hukumomin sana'ar suka ƙayyade wa kowace jami'a, ba ta da ikon wucewa, don haka ana jera masu nema ne daga sama a yanke inda kujeru suka ƙare.

A jami'o'in tarayya ana raba gurabe uku: kashi 45 cikin 100 don cancanta zalla, 35 don jihohin da ke yankin jami'ar, 20 don jihohin da aka ayyana suna baya a ilimin boko, waɗanda jihohin Arewa ne suka fi yawa a cikinsu. Amfanin sanin wannan shi ne wajen zaɓen jami'a. Ɗan Kano da ya sa Bayero a zaɓin farko, ko ɗan Sakkwato da ya sa Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ko ɗan Borno da ya sa Jami'ar Maiduguri, yana da ƙofa fiye da ɗaya. Jami'o'in jihohi kuma 'yan jiharsu suke fifitawa. Manyan jami'o'i ba kasafai suke waiwayar wanda ya sa su a zaɓi na biyu ba, saboda haka zaɓin farko ba wurin gwada sa'a ba ne. Sai dai kada yaro ya jingina da kason yanki ya yi barci. A cikin kason ma jeri ake yi, kuma waɗanda zai yi takara da su su ne irin 'yan makarantun kimiyya na Dawakin Tofa da Dawakin Kudu, waɗanda tun 1977 ake horar da su don wannan ranar.

In an riga an makara fa? Ba a fafe gora ranar tafiya, amma akwai abin yi. Wanda darasi ɗaya ya kayar ko ya rasa, ya rubuta shi a jarrabawar masu zaman kansu ta WAEC ko NECO, muddin kwas ɗinsa yana karɓar zama biyu. Yarinyar da na fara da labarinta haka ta yi. Ta samu wata malama a unguwarsu ta karantar da ita littattafan wata biyar, ta rubuta Adabin Turanci a ƙarshen shekara ta samu C4, ta sake JAMB, ta shiga. Shekara guda ta tafi, da kuɗin rajista biyu da mahaifinta ya sha wuya kafin ya haɗa. Wanda kuma makinsa na UTME bai kai na kwas ɗin da ya nema ba, ya yi sauyin kwas ko na jami'a a cibiyar da JAMB ta amince da ita tun kafin a rufe tantancewa, zuwa inda darussansa biyar suka dace. Akwai kuma hanyar IJMB da Jami'ar Ahmadu Bello take kula da ita, da JUPEB, da NCE da difloma, waɗanda ake shiga aji biyu na jami'a da su. A sani dai duk waɗannan hanyoyi ba sa yafe kiredit biyar ɗin. Wanda ya ci IJMB da kyau amma yana da D7 a Kemistiri, sai ya gyara ta kafin a ɗauke shi sashen da ke buƙatarta.

Saura aikin takarda, wanda shi ma yana hana yara masu maki shiga. Tun 2017 duk gurbin karatu ta manhajar CAPS ta JAMB yake bi. Yawancin 'yan SS3 suna yin rajistar UTME kafin sakamakonsu ya fito, saboda haka da zarar WAEC ko NECO ta fito sai a koma cibiyar da JAMB ta amince da ita a ɗora shi, sannan a buɗe CAPS a tabbatar ya hau. Ɗora shi a shafin jami'a kaɗai bai isa ba. Kowace shekara sai na samu aƙalla yaro ɗaya da ya zauna wata biyu yana jira alhali gurbin sakamakonsa a JAMB fayau yake. Suna da ranar haihuwa su zama iri ɗaya a NIN, a WAEC, a NECO da JAMB. In an rubuta Muhammad a nan kada a rubuta Mohammed a can, kuma wannan tun ranar rajistar SS3 ake duba shi, uba ko yaya ya zo da kansa ya karanta harafi bayan harafi kafin a tura. Lambar wayar da aka yi rajista da ita ta zama ta yaron ce ko ta gida, ba ta mai kafen intanet ba. In an ba da gurbi, yaron ya shiga CAPS da kansa ya duba sunan jami'a da sunan kwas kafin ya danna karɓa, domin in ya karɓa sauran jami'o'i ba za su ƙara duba sunansa ba a wannan shekarar.